Kafin a ja wayar kyamarar ƙofa

Jama'a, duk mai shirin sa na'urar ganin baƙo a ƙofar gida, don Allah kada ya bari a zura wayarta a bututu ɗaya da wayar lantarki. Hoton zai riƙa rawa, muryar tana gurnani. A ba wayar na'urar nata bututun, a sayi wayar sadarwa irin Cat6 ta jan ƙarfe zalla, kada tsawonta ya wuce mita 100.

Abin da ya fi damuna shi ne makullin maganaɗisu da ake haɗawa da na'urar, wanda lantarki ke riƙe shi a kulle: da an ɗauke wuta sai ya saki, ƙofa ta zauna a buɗe. A haɗa masa batir mai volt 12 nasa daban. Kyamarar kuma a kafa ta kamar mita 1.5 daga ƙasa, kada ta kalli rana.