Kurakuran da aka fi yi wajen ƙulla yarjejeniya, da yadda za a gyara su

Ba kowace rigimar ciniki da ta kai gaban alƙali ce macuci ya haddasa ba. Sau tari mutum biyu ne, kowa na ganin yana kan gaskiya, sai dai abin da wannan ya riƙe daban da na wancan. Alƙali kuwa ba ya wurin ranar da aka yi maganar, abin da aka iya nuna masa da shi zai yi hukunci. Manyan kotunan Najeriya suna bin ƙa'idojin da aka gada daga Ingila, kotunan shari'ar Musulunci kuma mazhabar Malikiyya, kuma akwai inda suke rabuwa.

Kuskure na farko daga wajen tayi yake farawa. Mai mota ya ce miliyan biyar, ka taya huɗu da rabi, ya ce albarka. Ka je ka kwana da abin, gari ya waye ka dawo ka ce ka saya a miliyan biyar ɗin, shi kuma ya ce ya fasa. Mutane da yawa suna ganin dole ya sayar, tunda shi ya yanka kuɗin da bakinsa. A doka ba haka ba ne: tun lokacin da ka taya ƙasa da abin da ya faɗa ka kashe maganarsa ta farko. Haka aka yanke a Ingila tun 1840 a shari'ar Hyde da Wrench, inda mai gona ya nemi fam 1,000, mai saye ya taya 950, daga baya ya dawo ya ce ya yarda da dubun, kotu ta ce babu ciniki. In kana son kaya kuma kana neman sauƙi, tambaya za ka yi, "Alhaji, babu ragi?" Tambaya ba ta kashe farashin da aka sa. Sabon tayi ne ke kashe shi.

A nan ne batun kafin alƙalami ke shigowa. "Na ajiye maka zuwa Juma'a" magana ce ta mutunci, amma in ba ka ba da komai a kanta ba, yana iya janyewa kafin ka amsa. To in ka ba da wani abu fa, sai kuma ka kasa cikawa? A dokar da aka gada daga Ingila, kuɗin da aka ba da don tabbatar da ciniki yakan tafi ke nan idan mai saye ne ya fasa, wanda kuwa aka ba da a matsayin wani ɓangare na farashi ana iya neman a dawo da shi. Malikiyya ba su yarda a yi sharaɗin mai kaya ya cinye kuɗin ba. Saboda haka a rubuta a rasit: kuɗin na mene ne, kuma in an fasa ina za su nufa.

Sai masu cewa maganar baki ba yarjejeniya ba ce, da 'yan uwansu masu cewa tsakaninmu ai sai amana. Duka biyun sun kauce. Cinikin baki yana ɗaure mutum, wahalarsa tabbatarwa. Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne mai jin kunyar ce wa ɗan uwansa su rubuta bashi, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Ba sai an je wurin lauya ba don buhun masara goma. Ko saƙon WhatsApp da ya faɗi adadi da ranar biya, shi kuma ya amsa, ya fi babu, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi irin wannan hujja in an cika sharuɗɗansa. Kada dai ka goge hirar don fushi.

Fili da gida kuwa ba a wasa da su. A rubuta, a faɗi iyakoki, shaidu su sa hannu. In filin yana da takardar mallaka ta gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da shi hannun wani, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. In gidan gado ne, tambayi ko an raba. Sa hannun babban wa shi kaɗai ba ya sayar da rabon ƙannensa mata.

Ko an rubuta ɗin ma, sau da yawa takardar ba ta ce komai ba. "Zan biya bayan Sallah." Wace Sallar, ƙarama ko babba? "In Allah ya hore." Yaushe ke nan? An ba magini jingar ɗaki biyu, ba a faɗi wa zai sayi siminti ba, ba a faɗi ko da filasta da rufi ba, ba a kuma ce ga yadda za a yi in kuɗin kaya ya tashi ana tsakar aiki ba. Wata uku sai ka ji mai gida na cewa an gudu da kuɗinsa, magini na cewa kuɗin sun ƙare tun a linta, kuma ba mamaki kowannensu gaskiya ya faɗa. Maganinsa a sa rana da wata da shekara, a faɗi irin kaya da awonsu, ko buhu ne mai kilo 50 ko mai 100, a kuma rarraba biyan jinga gwargwadon inda aiki ya kai.

Sa hannu ba tare da karantawa ba shi ma ya ci mutane. In ka sa hannu, doka na ɗaukar ka yarda da duk abin da ke ciki, har da ƙananan rubutun bayan takarda, sai fa in yaudararka aka yi. Wanda bai iya karanta harshen takardar ba yana da kariya: dokar kare marasa karatu ta ce wanda ya rubuta masa takardar, shi marubucin, ya sa sunansa da adireshinsa, kuma hakan na nufin an karanta masa an fassara kafin ya dangwala. Wannan ya shafi mai saye ma, domin in ka sayi gonar tsoho da takardar Turanci babu wannan bayani, ka bar ƙofar da za a ƙalubalance ka.

Ka kuma san da wa kake ciniki. Dillali la'adarsa yake nema, sallamawarsa ba ta ɗaure mai kaya sai in an ba shi wannan izini. Ka ji daga bakin mai abu.

Idan abu ya lalace, wurin 'yan sanda mutane suka fi garzayawa. Bashi da saɓa yarjejeniya ba laifi ba ne da ake tsare mutum a kai, in dai babu zamba, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda su. Kotuna sun sha sa wanda ya kai irin wannan ƙara ya biya diyya. Akasin wannan shi ne mai haƙurin da ya wuce kima. A manyan kotuna ƙarar yarjejeniya tana da wa'adi, shekara 6 a Legas da Abuja, 5 a wasu jihohi, daga ranar da aka saɓa. In ya wuce, bashin na nan amma kotu ba za ta saurare ka ba. In ba ka son kai ɗan uwa ƙara yanzu, ka sa ya rubuta cewa ya san da bashin, ya sa hannu da kwanan wata, domin daga wannan rana lissafin wa'adin ke sake farawa.