Data a ƙasar waje: roming, layin can ko eSIM, wanne zaka ɗauka?

Tun kafin a zo maganar wace data ce tafi araha, layinka na gida kada ka cire shi ka barwa uwargida ko yaron shago. Mutane da yawa haka suke yi, wai ai can ɗin ba amfani zai yi ba, sai mutum ya sauka Jidda ko Guangzhou yana son yin transfa banki ya turo lambar OTP, wato lambar tabbatarwa ta tes, zuwa layin da ke cikin durowa a Kano, ga bambancin lokaci, ka kira gida ba a ɗauka ba, kafin a karanto maka lambar ta mutu sai an sake turo wata. Layin da ke haɗe da asusunka na banki da BVN ɗinka tare daku za a yi tafiyar. Aikinsa can guda ɗaya ne, karɓar saƙo, kuma galibi karɓar tes a waje ba a cajin komai. Data kuma daga wani wuri zata fito. In ka raba waɗannan ayyuka biyu a kanka to sauran zaɓin duk mai sauƙi ne.

Saboda haka kwana biyu uku kafin tafiya ka kira kamfanin layinka, MTN ne ko Airtel ko Glo, ko ka leƙa ofishinsu ka tabbatar an buɗe maka roming, wato damar layinka ya yi aiki a ƙasar waje, ka bar ɗan kati a ciki, sannan ka shiga saitin waya wajen da aka rubuta Data Roaming ka kashe shi a kan wannan layin. Ka kashe tun kana filin jirgin Malam Aminu Kano ko Abuja, kada ka bari sai an sauka, don jirgi na taɓa ƙasa kowa ke kunna waya, a minti biyun nan WhatsApp zai fara sauke bidiyoyin guruf ɗin dangi da na 'yan makaranta, duk a farashin roming da ba a sayi bandir ba, kafin ka karɓi jakarka katin ya ƙare ƙarƙaf. Haka ɗaga kira. A gida wanda ya kira shi ke biya, a roming kuwa kai mai ɗagawa ma ana cajinka, to in ka ga kiran gida ka bari ya katse ka neme su ta data.

Toh yanzu ina datar zata fito? Hanya uku ce: ka sayi bandir ɗin roming a layinka na gida, ko ka sayi layin ƙasar da ka je, ko ka sayi eSIM, layin da ake saukewa cikin waya ba kati. Ba wadda ta fi a ko'ina, ƙasar da zaka da daɗewar da zaka yi da irin wayar da ke hannunka su ke yanke hukunci.

Bandir ɗin roming ba sai na ja shi ba. Daɗinsa da naira zaka saya tun kana gida, ba rijista ba layi ba turanci ko larabci da kowa, kana sauka sabis ya kawo. Illarsa tsada, data kaɗan kuɗi da yawa, kuma bandir ɗin yana aiki ne da wasu kamfanonin can da aka ƙulla yarjejeniya da su kawai, in wayarka ta kama wani daban sai ka ga datar bata motsi ko kuma ana cin katinka kai tsaye, sai ka shiga saiti ka zaɓi kamfanin da hannu. Don taron kwana biyu ko uku, ko don ka samu abin kiran wanda zai tarbe ka a ranar farko, ya wadatar. Wata guda a kansa kuwa ɓarnar kuɗi ce.

Layin can shi ne na mai daɗewa, kuma ga mai zuwa Umara ko aikin Hajji ni dai shi nake ba kowa shawara. A Saudiyya manyan kamfanonin uku ne, STC da Mobily da Zain, duk suna da rumfa a filin jirgin Jidda da na Madina, da shaguna a kewayen Harami. Zaka bada fasfo da biza, a ɗauki hoton yatsanka, a yi rijistar da sunanka. Kada ka bar gaban rumfar sai mai sayarwa ya saka layin ka ga data ta kawo da idonka, ka buɗe shafi ɗaya ya buɗu, ka tambaye shi kwana nawa bandir ɗin zai yi da lambar duba abin da ya rage, ka ɗauki hoton kwalin layin don lambarka tana jiki kuma wallahi ba zaka haddace ta ba. Sannan ka kula da yadda ake lissafin, wani bandir za a ce maka giga kaza ne mai yawa, ashe rabi na shafukan sada zumunta ne kawai, taswira da sauran abubuwa daga ɗaya rabin suke ci. Wanda ya tare ka a titi da layi mai rijista da sunan wani, ko ya ce rabin kuɗi ne, bar masa kayansa, ana iya rufe layin kowane lokaci kuma baka san me aka aikata da shi ba.

Dalilin da yasa na nace a kan layin can ga alhazai ba arahar data kaɗai bane, lambar waya ce. Daga 8 ga Zulhajji da aka fita Mina, zuwa Arfa, zuwa Muzdalifa, a dawo jifa, mutum kusan miliyan biyu ne a cunkushe wuri guda, a 2024 ma an haura miliyan 1.8, kowa da waya a hannu yana son ya nunawa gida. A irin wannan lokaci data na iya yin nauyi, saƙon WhatsApp ya tsaya yana juyawa, amma kira na kai tsaye da tes sau da yawa suna ratsawa. Ka ɗauki Hajiya 'yar shekara saba'in da ta fito daga jifa ta ɓace hanyar tanti, tantunan nan duk farare iri ɗaya, abin da zai cece ta shi ne ƙaramar waya mai lambar Saudiyya da lambar jami'in alhazan jiharsu a rubuce a takarda cikin jakar wuyanta. Direban mota, mai otal, ɗan uwa mazaunin Makka da zai kawo maka tuwo, duk lambar can za su nema. In kai ne ka biyawa Baba ko Inna kujera, kada ka wahalar da su da wani sabon salo, ka haɗa su da wani matashi a ayarinsu da zai raka su rumfa a saka musu layi, a turo maka lambar, shikenan. Kuma a saka musu IMO tun daga gida a gwada, don kiran WhatsApp a Saudiyya ba abin dogaro bane. A Dubai ma toshe shi aka yi, can Botim mutane ke amfani da shi, rubutu da saƙon murya na WhatsApp dai suna tafiya lafiya lau.

Wani abu da ke rikita mutane, in ka saka sabon layi WhatsApp ɗinka na nan a tsohuwar lambarka, ba abin da zai same shi. Kada ka je ka danna canza lamba, kada kuma ka goge shi ka sake saukewa a can.

Sai eSIM, wanda yanzu matasa ke yayi. Layi ne da ba a riƙe shi a hannu, a intanet zaka saya wajen irin su Airalo ko Holafly ko Nomad, su turo maka hoton lambar QR ka ɗauka da kyamara ya zauna cikin wayar. Kana gida zaka saka shi a kan wayfai ko datarka, in ka sauka ka kunna, shi kuma wannan dole ka buɗe masa Data Roaming ɗinsa, na layin gida ne ke zama a kashe, nan ne da yawa ke cakuɗa abin. Amma fa ba kowace waya ke ɗauka ba. iPhone daga XS da XR na 2018 zuwa sama suna yi, manyan Samsung daga S20 galibi suna yi, yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun jama'a basa yi. Hanyar ganewa ka danna *#06#, in ka ga wata doguwar lamba da aka rubuta EID to wayarka na ɗauka. Kada ka dogara da sunan wayar kawai, don iPhone ɗin da aka yi wa kasuwar Chana yawanci ramin layi biyu gare shi ba eSIM, shi kuma na Amurka daga iPhone 14 ba ramin layi sam, eSIM zalla ne, mai irin wannan in zai sayi layin can ma sai ya ce a bashi na eSIM. Masu wayar hannu da aka shigo da ita daga waje kuma a duba ko a kulle take da wani kamfani, a iPhone ka shiga About a cikin saiti ka nemi Carrier Lock, in ba a rubuta No SIM restrictions ba to akwai aiki, ka warware shi a kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano tun kafin ranar tafiya.

Inda eSIM ke da rauni, yawancinsu data ce kawai ba lamba, ba wanda zai kira ka kai tsaye, kuma manhajar kiran mota ko ta sayen abinci in ta nemi lambar ƙasar sai ka tsaya cak. Da dala ake saya, sai ka tanadi katin da ke biya a waje. Waɗanda ake cewa data ba iyaka kuma ka karanta ƙananan rubutun, da yawa in ka sha wani adadi a rana sai su rage gudu, wasu basa bari ka haɗa wa abokin tafiya hotsfot. Sannan in ka goge shi bisa kuskure sau da yawa lambar QR ɗin bata sake aiki.

Amma ga 'yan kasuwa masu zuwa Chana, nan eSIM ko roming ke cin kasuwarsa. Layin China Mobile ko China Unicom da wayfai ɗin otal duk a bayan katangar intanet ta gwamnati suke, ba WhatsApp, ba Facebook, ba Gmail, ba Google gaba ɗaya. Kai kuma kana tsakiyar kasuwa a Guangzhou ko Yiwu, ko ka je baje kolin Canton na watan Afrilu ko Oktoba, kana son turawa Alhaji a Kantin Kwari hoton samfuri ya ce a ɗauko ko a bari, mai kaya na tsaye da kalkuleta yana jiranka. Datar eSIM ta waje da ta roming tana zagayawa ne ta wata ƙasa kafin ta fita intanet, shi yasa WhatsApp ke aiki a kanta kamar kana gida. Sai dai ka saya ka saka tun kafin ka shiga ƙasar, haka WeChat da Alipay ka buɗe su tun a gida, don can kusan komai da su ake magana da biyan kuɗi. Masu daɗewa sukan haɗa biyu, layin can don lamba, eSIM don WhatsApp.

Turai da sauƙi, tun 2017 layin da ka saya a ƙasa ɗaya ta Tarayyar Turai yana aiki a sauran ba ƙarin caji, ka saya a Faransa ka wuce Jamus ko Italiya da shi, Ingila ce dai ta fita daga tarayyar sai ka tambaya kafin ka tsallaka. Ɗalibai masu tafiya Turkiyya su sani wayar da aka shigo da ita daga waje kwana 120 take yi da layin can, bayan nan a toshe ta sai an biya harajin rijista mai tsada. Masu zuwa Indiya asibiti, layin Airtel ko Jio na buƙatar fasfo da biza da adireshin masauki kuma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya fara aiki, to a riƙe ɗan roming na ranar farko.

Masu tafiyar mota zuwa maƙwabta ma abin ya shafe su, har ya fi. In ka bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Ƙonni, sabis ɗin gida na bin ka ɗan nisa bayan iyaka, sai ya sake ka wayar ta kama na Nijar ba tare da ka lura ba. Kuma don layinka Airtel ne ka ga Airtel a Nijar ko Chadi, ko MTN a Kamaru da Ghana, ba yana nufin datarka ta gida zata yi aiki ba, suna ɗaya ne amma lissafin daban, roming kake. Mai yawan zirga-zirga ya sayi layin Airtel ko Moov ko Zamani na Nijar ya bar shi a rami na biyu, yana tsallakawa ya juya data kansa.

Giga nawa zaka saya? Rubutu da saƙon murya da taswira ba su cin komai, kiran murya ma kaɗan yake ci. Abin da ke zuƙe data bidiyo ne, kiran bidiyo da TikTok da YouTube da ɗora status, sa'a guda ta kallo na iya lashe kusan giga ɗaya. Sai ɓarayin ɓoye, wato sabunta manhajoji da ajiyar hotuna ta iCloud ko Google Photos, ka ɗauki bidiyon ɗawafi na minti goma waya ta kama tura shi sama da datarka kana barci. Ka mayar da su duka sai a kan wayfai, ka kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai tsaye a WhatsApp, ka sauke taswirar garin a Google Maps tun a gida yadda zata buɗu ko ba sabis. Gara ka fara da matsakaicin bandir ka ƙara in ya ƙare, don ragowar da ka bari ba zata biyo ka gida ba. Wayfai ɗin otal kuma a yi kallo da shi, amma harkar banki a yi ta a kan datar layi.

In tafiyar ta watanni ce, karatu ko aiki, kada ka bar layin gida shiru, layin da ya yi kusan wata shida ba kira ba data ba saka kati ana iya rufe shi, daga baya a sayarwa wani da lambarka da banki ya sani. Ka riƙa saka masa ɗan kati ta manhajar banki kana tura tes ɗaya lokaci zuwa lokaci, MTN ma na da tsarin Keep My Number da zaka biya su riƙe maka lambar, sai ka yi shi tun kafin ka tashi.