Kurakuran da aka fi yi wajen aron taurarin labarai da suka zama na kowa

Tun daga 1 ga Janairu 2024 ake ta yaɗa cewa Mickey Mouse ya zama na kowa, kuma maganar ta iso Sakkwato har wurin masu zane a bangon makarantun nazare, da masu buga riguna, da matasa masu haɗa katun a waya. Maganar tana da tushe, amma rabinta aka ɗauko. Kafin ka taɓa kowane tauraro ka san wace ƙasa ake magana, wace siga tasa ce ta fita daga haƙƙin mallaka, kuma yaushe mai shi ya rasu. Yawancin kurakuran daga tsallake ɗaya cikin waɗannan suke tasowa.

Babban kuskure shi ne ɗaukar lissafin Amurka a ɗora wa Nijeriya. A Amurka, tsofaffin ayyuka irin waɗannan suna fita daga haƙƙin mallaka bayan shekara 95 da wallafa su, shi ya sa fim ɗin Steamboat Willie na 1928 ya fita a 2024. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 kuwa, ga littafi da zane da kiɗa, rasuwar mai aikin take dubawa: shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Fim da hoton kyamara nasu lissafin daban ne, shekara 50 daga fitar da su. Nijeriya kuma tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, don haka aikin baƙo ma yana da kariya a nan.

Gyaran ba ya buƙatar lauya a matakin farko, biro da takarda sun isa. Rubuta shekarar rasuwar marubucin, ƙara 70, sannan ka ƙara ɗaya, ranar 1 ga Janairun wannan shekara ita ce ranar fita. A. A. Milne, mai Winnie-the-Pooh, ya rasu a 1956. Littafinsa na 1926 ya fita a Amurka tun 2022, amma da lissafin shekara 70 sai 1 ga Janairu 2027. Tintin ya fita a Amurka a 2025, alhali mai shi, Hergé, a 1983 ya rasu, wato sai 2054 a ƙasashen da ke bin wannan lissafi, har da ƙasarsa Beljiyam. Wani lokaci abin yakan juya: mai Popeye ya rasu a 1938, saboda haka ya fita a Turai tun 2009, Amurka kuwa sai 2025. In mutum biyu suka yi aikin tare, daga wanda ya rasu a ƙarshe ake ƙirgawa. In kuma wani ya rubuta, wani ya zana, kowa da ranarsa. Mai zanen Pooh, E. H. Shepard, a 1976 ya rasu, ka ga zanensa zai daɗe a kulle bayan rubutun ya fita.

Inda mutane suka fi faɗawa bayan wannan shi ne siga. Abin da ya fita shi ne tauraron kamar yadda yake a aikin da wa'adinsa ya cika, ban da abin da aka ƙara masa daga baya. Mickey na fim ɗin 1928 fari da baƙi ne, siriri, hannunsa ba safa, idanunsa baƙaƙen ɗigo ne kawai. Wanda ake gani a jakar 'yan makaranta, mai kumatu da manyan idanu masu ƙwaya, zanen shekarun baya ne. Haka Pooh: jar rigar nan da kowa ya san shi da ita ba ta cikin zanen littafin 1926.

Labarin Alauddin da fitila ya fi nuna wannan a fili, kuma shi ne namu masu fim suka fi sha'awa. Labarin tsoho ne ƙwarai, ya shiga Dare Dubu da Ɗaya ta hannun Bafaranshe Antoine Galland, wanda ya rasu a 1715, ba wanda zai hana ka shi. A asalinsa yaron a ƙasar Sin yake, yana tare da uwarsa, aljanu biyu ne, na zobe da na fitila, sunan 'yar sarki kuwa Badarul Buduri. Shuɗin aljani mai barkwanci, da biri Abu, da sunan Jasmine, duk na fim ɗin Disney ne na 1992. Wanda ya zauna rubuta fim daga abin da ya tuna ya kalla yana yaro, kayan kamfanin zai kwaso bai sani ba. Maganinsa a nemo tsohon matani a ajiye a gaba, a ja layi biyu a takarda, gefe ɗaya abin da ke cikin asali, gefe ɗaya abin da aka sani daga fim, sannan a jefar da gefe na biyu baki ɗaya.

Tambarin kasuwanci wani abu ne daban, kuma ba ya mutuwa muddin ana sabunta rajistarsa. A Nijeriya rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa 14-14. Sa tsohon Mickey cikin labarinka daban, liƙa shi a ledar biskit ko allon shago yadda mai saye zai zaci kayan kamfanin Disney ne kuma daban.

Abin da ya fi damunmu shi ne na gida. Ana ɗaukar duk littafin da aka karanta a firamare tamkar ba shi da mai shi. Waziri Aku na Magana Jari Ce da Alhaji Imam na Ruwan Bagaja sun girmi iyayenmu, amma Abubakar Imam a 1981 ya rasu, lissafin ya kai 1 ga Janairu 2052. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rasu a 1966, sai 2037. Karanta su babi-babi a YouTube ana samun kuɗin talla, ko mai da su katun, yana buƙatar izini daga magada ko kamfanin da ke riƙe da haƙƙin, kuma a karɓe shi a rubuce, a bayyana wane littafi, wane irin amfani, shekara nawa, da kason kowa. Waɗannan mutane suna da 'ya'ya da jikoki a raye, haƙƙinsu ne, kuma ba sai kotu ta tuna wa Musulmi haka ba.

Gizo da Ƙoƙi ba su da marubuci, sai dai dokar ta ware tatsuniya da waƙoƙin gargajiya da kacici-kacici ta ba su kariya ta musamman. Kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" a tsakar gida, ko malami ya koyar a aji, ba komai. Amfani da su don kasuwanci ne doka ta ɗora ikon ba da izininsa a hannun Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, tare da sharaɗin ambaton al'ummar da abin ya fito. Ban da haka, in wani ya rubuta tatsuniyar cikin littafinsa, kalmominsa da zanensa nasa ne. Koma wurin tsofaffi ka ji da kunnenka, ka rubuta da bakinka.

Fassara ma haka take. Abu Zaid as-Saruji na Muƙamatul Hariri, dattijon nan mai dabara da zaƙin baki da almajirai ke karantawa a zaurukan malamai a nan Sakkwato, mai shi ya rasu tun 1122. Marubucin da ya kawo shi Tsohuwar Kasuwa ya sa shi yana yi wa 'yan tireda fasaha bai taɓa haƙƙin kowa ba, kuma muna ganin ya fi ɓeran Amurka dacewa da masu karatunmu. Amma fassarar da wani malami ya yi kwanan nan, ko sharhin da ke ƙasan shafi a bugun zamani, nasa ne har shekara 70 bayan ransa. Duba shafin bayan bango ka ga sunan mai fassara da mai tahaƙiƙi (wanda ya tace matanin) da shekarar bugu, in na zamani ne ka ɗauki matanin Larabcin kaɗai ka yi taka fassarar.