Yadda Nake Gane Lambar da Ta Gagari Rabo

Yaran da nake koya wa lissafi da yamma a Mabera suna ce mata firam. Ni gagara-rabo nake kiranta, wato lambar da babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Goro 13 ba ya kasuwa kashi-kashi daidai, dole wani ya yi ƙorafi.

Mu ɗauki 2027. Duba wutsiyarta tukuna: in ta ƙare da 0, 2, 4, 5, 6 ko 8, an gama magana, tana rabuwa, in dai ba 2 ko 5 ba ce ita kanta. Sai ka haɗa alƙalumanta, 2 da 0 da 2 da 7 sun ba da 11, uku ba ta shiga 11, don haka ba ta shiga 2027.

Nan ne yara ke wahalar da kansu, suna son gwada kowace lamba har dubu biyu. Ina dalili? Nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta kusa taka. 45 sau 45 shi ne 2025, to a nan za ka tsaya, domin duk babbar mai rabawa tana da ƙaramar abokiya da ka riga ka wuce. Gwada raba ta da ƙananan gagara-rabo, 7, 11, 13, 17, bi da bi har 43. Kada ka gaji a 37! Ai 2021 sai a 43 take faɗuwa, 43 sau 47 ce. Ita 2027 ba ta faɗuwa, haka 2029 ma. Irin waɗannan da 2 ce kawai tsakaninsu tagwaye ake ce musu.

Mafi girma da aka gano kuwa galibi 'yan gidan Mersenne ne, wani malamin coci na Faransa da ya rasu a 1648. Ka ninka 2 da kanta sau da yawa, ka cire 1: 31, 127, 8191. Na taɓa rubuta 2047 a allo cikin jerinsu da ƙarfin gwiwata, wata ɗiya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, 23 sau 89 fa?" Zufa ta keto min, kuma ba zafin Sakkwato ba ne.

Ga gwajinsu, na wasu masana lissafi, Lucas da Lehmer. Jera 2 guda biyar ka ninka, 32 ke nan, cire 1 saura 31. Fara da 4, ninka ta da kanta, cire 2, 14. Maimaita: 194, raba da 31, saura 8. Maimaita da 8: 62, raba da 31, babu saura. Zagaye uku ake yi, biyar a cire biyu, in ya ƙare a sifili lambar gagara-rabo ce.

Da wannan gwaji aka tabbatar da wadda wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano a Oktoban 2024, mai alƙaluma 41,024,320. Wannan aikin kwamfuta ne. Kai gwada 127, mai 2 guda bakwai, zagaye biyar, na uku zai ba ka 42.