Babi na 4: Kaluluwa da garkuwar jiki

Darasi na 1

Kowa ya ɗora yatsunsa a gefen wuya, ƙasa da kunne. A nan, da hammata, da matsematsi, akwai 'yan ƙulle-ƙulle ƙanana. Su ne idan sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito. A cikinsu jiki yake tara sojojinsa. Wasu su ne masu ba da umarni, a asibiti ana ce musu CD4. Wasu kuma maƙera ne, su ke ƙera makamin da ke yawo cikin jini yana cafke cuta.

Ƙwayar HIV mai jawo ƙanjamau nan take zarcewa. Mako 2 zuwa 4 da shigarta, zazzaɓi na iya zuwa, kaluluwa ta fito. Ko ta sauka, ƙwayar tana ciki tana cinye masu umarni, maƙera kuma sai aikinsu ya yi rauni. A gwajin jini, adadin CD4 na mai lafiya 500 ne zuwa 1,500. In ya gaza 200, tarin fuka da ire-irensa sun samu ƙofa.

Ba kowace kaluluwa ce ƙanjamau ba, ciwon haƙori ma na kawo ta. Amma kada a kai wa wanzami ya tsaga.

Darasi na 2

A nan aka fi tuntuɓe, a natsu. Gwajin da ake huda yatsa makamin nan yake nema, jiki kuwa yakan kai wata 3 kafin ya ƙera shi. To in an ce maka "babu", alhali abin da kake tsoro bai daɗe da faruwa ba, ka koma bayan wata 3.

Ɗauki biro. Rubuta watan da aka gwada ka: Janairu. Ƙirga da yatsa: Fabrairu, Maris, Afrilu. A Afrilu za ka koma. Iya, ke ma sake ƙirgawa, a hankali, kina iyawa. In Yuni ne fa? Yuli, Agusta, Satumba. Madalla. Wata 3, ba mako 3 ba.

Haba jama'a! Mutum ya jure cunkoso tun daga Agege har kasuwar Mile 12 a Legas saboda kwandon tumatir, amma komawa gwaji ya gagare shi? Ga asibitin koyarwa a Idi-Araba, ga asibitocin gwamnati a unguwanni. Wata 3, a koma.

Darasi na 3

In an samu ƙwayar, a fara magani nan da nan. Yawanci ƙwaya ɗaya ce kullum. Kada a daina don an ji sauƙi, cutar na laɓe a kaluluwa.

Darasi na 4

Kwafi wannan sau biyar: Zan koma gwaji bayan wata 3.