Yadda ake gano ciwon injin busar da kaya a gida kafin a kira mai gyara

Jama'a na san wani zai ce mu a Damagaram da rana ke busar da zane kafin ka gama shanya na biyu, me ya haɗa mu da injin busar da kaya? To yana nan fa, masu wanki da guga suna da shi, masaukin baƙi ma haka, kuma gidaje da yawa sun sayi na hannu irin 'yan Beljiyam ɗin nan saboda hazon hunturu da ke mayar da farar shadda jar ƙasa, da kuma damina in watan Agusta ya kama. Abin da ke ba ni takaici shi ne injin lafiyarsa lau, ƙura ce kawai ta toshe masa numfashi, sai a ce ya mutu a jefa shi bayan ɗaki kaji su hau.

Kafin komai cire fulogin daga bango. Ba kashe makunni na ce ba, a cire shi gaba ɗaya, kuma kar ka ce ai an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, bari in yi sauri, tana iya dawowa hannunka na ciki.

Mataki na farko, kuma wallahi nan ne yawancin magana take ƙarewa, bi hanyar iska. Injin nan aikinsa ɗaya ne, ya ɗumama iska, ya hura ta cikin kaya, ya fitar da ita da danshin. In hanyar ta toshe kaya za su yi ta juyawa suna fitowa da zafi amma a jiƙe. Buɗe ƙofa, a bakinta daga ƙasa akwai filta mai raga, zaro ta. Za ka ga wani abu toka-toka ya kwanta a kanta, burbushin zare ne ya haɗu da ƙurarmu, in ka sa yatsa a gefe sai ya naɗo gaba ɗaya kamar tabarma. Cire shi, ka wanke ragar da ruwa da tsohon buroshin haƙori, ka ɗaga ta saitin rana, in haske ba ya ratsawa sosai to sabulu ya like ramukan, sake wankewa. Sai ka haska tocila cikin ramin da ka zaro ta, nan ma akwai tuli.

In injinka mai tiyo ne a baya, kwance tiyon ka kakkaɓe, ka duba ko ya lanƙwashe don an matse injin da bango, kuma ka leƙa bakinsa na waje domin zanzaro na son yin gini a wurin, ɓera ma yana shiga. In kuma mai tara ruwa ne, wanda ba shi da tiyo, to a ƙasa ta gaba akwai 'yar ƙofa, bayanta kwandansa ne, wani akwati mai siraran faranti, murɗa maƙallan ka jawo shi ka zuba masa ruwa har sai ya fito fes, ya tsane sannan ka mayar. Tankin ruwan ma a juye shi, don in ya cika injin tsayawa yake. Kuma Hajiya kar a zubar da ruwan nan a banza, kin san yadda ruwa yake a garin nan, ya yi goge ɗaki ko ban-ɗaki, sha da girki ne dai a'a.

Wani abu da ba a kula da shi, yawancin injinan Turai an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Mai tara ruwa da iskar ɗaki yake sanyaya kwandansa, in ka kulle shi a ɗan sito mai rufin kwano da azahar ba zai busar da komai ba, ba lalacewa ya yi ba. Kai shi inda iska ke wucewa, ka kunna da asuba ko da dare.

Na biyu, in ya ƙi tashi sam. Gwada soket ɗin da dutsen guga. Injin mai rezistans, wato wayar da ke ɗumama iska, yana jan wajen wat 2000 zuwa 2800, yana son soket nasa shi kaɗai mai amfiya 16, ba 'yar wayar ƙari da aka jona firji da talabijin ba, in ka ga bakin fulogi ya yi baƙi ko ya narke to ga mai laifin nan. In kuran ta yi rauni ko ƙaramin gurup ne, wato janareta, bar shi sai ta daidaita. Daga nan duba ƙofa, akwai ɗan ƙugiyar roba da ke danna makunni in an rufe, in ta karye injin gani yake ƙofa a buɗe take. Duba kuma ko yara sun danna makullin yara, alamar mabuɗi ke fitowa a fuskar.

Na uku, motar injin na gurnani amma gangar da ake zuba kaya ba ta juyawa. Sa hannu ka juya gangar. In ta tafi sakayau babu wani nauyi, bel ya tsinke. Kwance kusoshin murfin sama daga baya, tura murfin baya ka ɗaga, za ka gan shi ya zube. Lambarsa na rubuce a jikinsa, irin su 1975 H7, wato tsawonsa milimita 1975 da layi 7, da wannan lambar za ka nema, kar ka yarda a ce maka wannan ma zai shiga. Wajen sawa, ɓangaren mai layi-layi shi ke kwanciya jikin ganga da sandar mota, kuma ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, don ɗan gargaren da ke ɗaure bel ɗin yana rikita mutum. In kuwa bel na nan daram, motar na gurnani kawai, to yawanci kafasita ce, irin dai ciwon fanka da sai an tura ta da hannu. 'Yar gwangwani ce kusa da mota, galibi tsakanin mikrofarad 7 zuwa 10, sayi mai lamba ɗaya da ita. Hattara, tana riƙe wuta ko bayan an cire fulogi, kar ka taɓa ƙafafunta da yatsa, in ba ka san yadda ake sauke ta ba bar wa mai gyara.

Na huɗu, yana juyawa amma babu zafi. A nan sai da mita, irin 'yar na'urar hannun da masu gyara ke auna wuta da ita. Buɗe murfin ƙarfen da ke baya, za ka ga rezistans, kuma a jikinsa akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa masu faɗin kwabo da waya biyu-biyu, ɗaya tarmosta ne mai daidaita zafi, ɗayan kuma na tsaro ne, shi ke yanke wuta in zafi ya wuce kima. Wasu injinan na tsaron yana da ɗan maɓalli a tsakiya, ka danna ka ji ƙas, shi ke nan zafi ya dawo. In babu maɓalli, zare wayoyinsa ka ɗora mita, in ba ta yi tsuwa ba ya yanke sai sabo. Rezistans ɗin kuma auna shi a om, mai wat 2000 zai ba ka wajen 26, in mita ba ta motsa ba ya tsinke, wani lokaci da ido ma za ka ga inda wayar ta rabu.

To ga inda nake roƙonku don Allah. Akwai masu gyaran da in na tsaron nan ya yanke sai su haɗa wayoyin biyu kai tsaye su naɗe da salatif su ce an gama, injin kuma ya yi zafi kowa ya ji daɗi. Kar ka yarda ko kyauta ne. Abin nan bai yanke don banza ba, iska ce ta toshe zafi ya taru, in ka cire shi ka bar rezistans na ci kusa da busasshen burbushin zare, gobara ka ajiye a ɗaki. Sa sabo mai lambar zafi iri ɗaya, sannan ka koma mataki na farko ka nemo abin da ya toshe, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu. Haka kayan da fetur ko man inji ya taɓa, na makanikai da masu sayar da mai a kwalba, ko an wanke kar a sa su ciki, igiya ta ishe su. Kuma ba a kunna shi a fita unguwa.

Ƙara kuwa, in ƙarar-ƙarar ce duba ko tsabar kuɗi ko maɓalli ya maƙale a bakin ganga, in kuka ne siriri ko gurnani mai nauyi to tayoyin da gangar ke hawa ne ko boris na baya ya cinye, ana canza su.

Iri biyu ne ba na ba da shawarar a buɗe a gida. Mai kwamfureso irin na firji, wanke filtocinsa kawai, sauran aikin mai gyaran firji ne. Sai 'yan Amurka, su an yi su ne don wutar can mai volt 120 da 240 da has 60, wato saurin kaɗawar wutar, tamu 220 ce da has 50, canza fulogi kawai ba ya sa su yi daidai, duba takardar da ke manne a bakin ƙofa ko a baya tun kafin ka biya kuɗi. Wannan takardar ita za ka ɗauki hotonta in za ka Kasuwar Dole neman kayan gyara, ka riƙe tsohon abin da ka cire a leda a gwada su gefe da gefe, in ba a samu ba a aika wa masu zuwa Kano ko Yamai da hoton.