Darasi na 7: Shimfiɗar Takalmi da Ciwon Ƙugu

Ka ɗauko tsohon takalminka ka kifa shi. Dubi dunduniyarsa. Idan gefe ɗaya ya cinye sosai fiye da ɗayan, wataƙila ba daidai kake taka ƙasa ba. Ƙafa ita ce harsashin jiki, akwai ƙashi 26 a cikinta. In ta karkace sai gwiwa ta bi ta, kwatangwalo ya bi, nauyin ya sauka kan ƙasusuwa 5 na ƙugu. Wani lokaci daga nan ciwon ke farawa.

Ciwon ƙugu da ya wuce wata 3 shi likitoci ke kira mai daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu.

Shimfiɗar takalmi wani faifai ne na roba ko fata da ake sakawa a cikin takalmi. Akwai ta kanti, akwai wadda ake yi wa mutum daidai da ƙafarsa. Ita wannan sai an auna ka, an dubi tafiyarka, an ɗauki sawunka da filasta ko wani irin soso. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana da sashen da ke irin wannan aikin.

Amma fa ba kowa take yi wa amfani ba. A Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani ta ce a 2016 kada a ba da ita a matsayin maganin ciwon ƙugu kawai. Inda ta fi amfani shi ne idan matsalar daga ƙafa take. Misali mutumin da ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ko don shan inna ko don karayar da ta ɗoru a karkace. Idan bambancin ya kai santimita 2, akan ɗaga gajeriyar don ƙugu ya daidaita. Kada ka ce shumeka ya ƙara maka tudu da ka, domin tudun da ya wuce kima sabon ciwo zai jawo.

Ga gwajin da za ka yi a gida: ka jiƙa ƙafarka ka taka busasshen siminti. Idan duk tafin ya fito, babu rami a tsakiya, ƙafarka shimfiɗaɗɗiya ce. Mutane da yawa haka suke kuma ba abin da ke damunsu, sai dai in akwai ciwo ka faɗa wa likita.

In an yi maka shimfiɗar, a takalmi rufaffe ake saka ta, kamar kambas ko sau-ciki. Silifas ba ya riƙe ta. Ranar farko awa 1 ko 2 ta isa, sai ka riƙa ƙarawa kullum har wajen mako 2. Mai ciwon suga ya duba tafinsa kowane dare, ko ta goge masa fata bai ji ba. Ka ci gaba da tafiya da motsa jiki, kwanciya ƙara sandarar da baya take yi.

Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, rama, gumin dare, mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ba maganar takalmi ba ce. A tafi asibiti a ranar.

Aiki: ka zana sawun ƙafarka ta dama da ta hagu a takarda, ka rubuta bambancin da ka gani, ka zo da ita aji.